Ra'ayi: Kada Mu Ɗora Tarihinmu a Kan Sikeli

Kwanakin baya wani tsohon ɗalibina, mutumin Karare ta ƙasar Batsari, wanda yanzu shi ma malamin sakandare ne, ya kawo mini ziyara. Muna cikin hira sai ya ba ni labarin wani kawunsa da ya je haƙar ƙasar gini a wani kufai da ke bayan gari. Ya ce ramin bai kai iya ƙugu ba sai diga ta fasa wata tsohuwar tukunya. A cikinta aka sami mundaye uku waɗanda tsatsa ta mayar kore shar, da wani siririn ƙarfe mai kama da tsinken kitso, da 'yan duwatsun ado. Yara suka yi ta wasa da duwatsun har suka ɓace. Mundayen kuwa aka goge su da toka da yashi don a ga ko zinariya ce. Da aka ga ba ita ba ce sai aka jira ɗan gwangwan, ya zo ya ɗora su a kan sikeli, ya biya abin da bai wuce kuɗin tiyar gero ba.

Na tambaye shi ko an san daidai inda ramin yake. Ya ce, "Wallahi Malam, wurin ya zama kududdufi."

Ban ga laifin kawun nan ba, domin babu wanda ya taɓa gaya masa cewa abin da ya tsinta yana da wata daraja da ta wuce nauyinsa. Laifin namu ne, mu malamai, da muke koyar da tarihi da kimiyya shekara da shekaru ba mu taɓa nuna wa yara yadda ake gane shaida idan an gan ta a ƙasa ba. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, tsohon ƙarfen da aka tsinta a gona ko a kufai shaida ne, kuma rabin shaidar tasa tana cikin wurin da aka same shi. Idan aka raba shi da wurin ba tare da an rubuta kome ba, to an kashe bakinsa. Don in tabbatar da wannan zan kai mai karatu wata ƙasa mai nisa, inda wani ɗan tsinke da bai fi tsawon tafin hannu ba ya taimaka wajen warware gardamar da masana suka daɗe suna yi.

Tsinke mai zobe

Mutanen tsibirin Ailan, can yamma da Ingila, a zamanin da ba su san maɓalli ba. Mayafi mai kauri na ulu suke yafawa saboda sanyi, kuma dole a sami abin da zai riƙe shi a kafaɗa. Sai maƙeransu suka ƙago wani tsinke na tagulla ko na baƙin ƙarfe, wanda aka huda kansa aka zura masa ɗan zobe mai juyawa. Mutum zai soka tsinken ya ratsa ɓangarori biyu na mayafin, sannan ya ɗauki zaren da ke ɗaure a jikin zoben ya naɗe shi a tsinin, don kada ya zame. Abu ne mai sauƙi, talaka ma yana iya mallakarsa.

A ƙarshen ƙarni na 8 sai ga wasu baƙi daga ƙasashen Norwe da Denmak da Suwidin sun fara ɓullowa ta teku cikin dogayen jirage. Su ne Turawa ke kira Viking, marubutan Larabawan Andalus kuwa suka kira su Majusu. Sun kai hari tsibirin Lindisfarne na Ingila a shekarar 793, suka taɓa Ailan a 795. Da farko ganima da bayi suke nema su koma, amma a shekarar 841 suka kafa sansani a inda birnin Dablin yake a yau, wanda daga bisani ya zama babbar kasuwa. Ba su tsaya a Turai ta arewa ba. Sun auka wa birnin Ishbiliya na Andalus a 844, sun kuma kai har gaɓar Maroko. 'Yan'uwansu da suka bi ta gabas, Ahmad ibn Fadlan, manzon Halifan Bagadaza, ya gamu da su a bakin kogin Volga a shekarar 922, ya kuma bayyana cewa mazansu mayafi suke yafawa wanda ke rufe gefe ɗaya na jiki ya bar hannu ɗaya a waje. Mai irin wannan sutura ba ya rabuwa da abin soke ta.

Da waɗannan baƙi suka zauna a Ailan sai tsinken mutanen ƙasar ya burge su. Suka ɗauke shi, maƙeransu na Dablin suka shiga ƙera shi da irin nasu ado, ya kuma bi su duk inda jirginsu ya nufa: tsibiran Sikotlan, da tsibiran Faro, da Aisilan, da ƙasashensu na asali. Tone-tonen da aka yi a tsohon garin Dablin daga shekarun 1960 zuwa 1981 ya fito da irin wannan tsinke fiye da 200. Da yake an tono su ne daki-daki, hawa bayan hawa, ana rubuta abin da aka samu tare da kowane, masana sun iya jera su: wannan ƙira ita ta riga wannan, wancan ado a ƙarni na 10 ya yi tashe. Thomas Fanning ya fitar da littafi guda a kan wannan aiki a 1994. Saboda haka a yau in an tsinci irin tsinken a wata ƙasa, akwai ma'aunin da za a gwada shi da shi.

Ga inda labarin ya fi daɗi. Tsofaffin labaran mutanen Aisilan sun ce kakanninsu sun taɓa isa wata ƙasa can yamma da Girinlan. Masana da yawa sun ɗauki wannan kamar tatsuniya. A shekarar 1960 wani mutumin Norwe, Helge Ingstad, ya isa wani ƙauyen masunta mai suna L'Anse aux Meadows a tsibirin Newfoundland na Kanada, wani mutumin ƙauyen ya nuna masa wasu tuddai da ciyawa ta rufe. Matarsa Anne Stine Ingstad, wadda masaniyar binciken kufai ce, ta jagoranci tono daga 1961 zuwa 1968. Suka sami tushen gidaje, da maƙera mai kashin maƙera a ciki, da ƙusoshin jirgi, da gululun mazari na dutse. A shekarar ƙarshe sai ga tsinken tagulla mai zobe a cikin ɗaya daga cikin gidajen. Mutanen da ke zaune a wannan yanki tun asali ba su ƙera tagulla ba, ba su kuma yi amfani da irin wannan abu ba. Wani ne ya yar da shi, kuma ta teku ya zo.

A 2021 aka ƙara ɗaure maganar. Masana sun san cewa a shekarar 993 an yi wata babbar tartsatsin rana wadda ta bar alama a zoben shekara na itatuwan duniya. Suka nemo wannan alama a cikin guntayen itacen da aka sara da ƙarfe a wurin, suka ƙirga zobba daga nan zuwa ɓawo, lissafi ya tsaya a kan 1021. Wato shekara 471 kafin Kolumbus ya isa wancan ɓangare na duniya a 1492.

Abin da ya sa wuri ya fi ƙarfen

Yanzu sai mu tambayi kanmu: da a ce wani masunci ne ya tsinci tsinken nan ya sa a aljihu, ya kai wa dillali a birni, me zai tabbatar? Babu. Kowa zai ce wani matafiyi ne ya sayo shi a Turai cikin 'yan shekarun nan. Abin da ya ba shi ƙarfin shaida shi ne an same shi a cikin gida, a ƙarƙashin ƙasar da ba a taɓa motsawa ba, tare da gawayi da itace waɗanda za a iya auna shekarunsu.

Ɗalibin kimiyya zai fahimci dalili. Hanyar auna shekaru ta kabon 14 tana aiki ne a kan abin da ya taɓa rayuwa, kamar ƙashi da gawayi da fata da ƙwayar hatsi. Kowane mai rai yana shan kabon 14 daga iska ko daga abinci. Da ya mutu sai shan ya tsaya, abin da ke jikinsa ya riƙa raguwa, rabi yana tafiya a kowace shekara 5,730. Tagulla kuwa ba ta taɓa numfashi ba. Gami ce ta jan ƙarfe da kuza, ko jan ƙarfe da tutiya, saboda haka ba a auna shekarunta ta wannan hanya. Sai dai a auna maƙwabtanta, wato gawayin da ke gefenta ko ƙashin hannun da take ɗaure a kai. Wanda ya zare munduwa ya watsar da gawayin ya yar da agogon ya riƙe madauri.

Ita ma koren tsatsar da ake gaggawar gogewa tana da aiki. Gishirin jan ƙarfe guba ne ga ƙananan halittun da ke ruɓar da abu, don haka sau da yawa akan sami zaren tufa ko guntun fata manne a jikin tsatsar, ya tsira ɗaruruwan shekaru. Daga wannan ɗan zare ake gane ko auduga ce ko ulu, da irin saƙar da aka yi. Toka da yashi suna share wannan duka cikin minti biyar.

Mutanen Ailan su ma sun ɗanɗana irin hasarar da muke yi. Mafi shahara cikin kayan adonsu na da, wani maɗaurin mayafi na azurfa da zinariya, an tsince shi ne a 1850 kusa da wani gari mai suna Bettystown. Ya bi hannun 'yan kasuwa har ya isa ga wani mai sayar da kayan ado a Dablin, shi kuwa ya laƙaba masa sunan Tara, mazaunin sarakunansu na da, don kasuwa ta yi kyau. Har gobe da wannan suna ake kiransa, alhali ba a can aka same shi ba, kuma ba a san wanda ya mallake shi ba.

Namu na gida

Mu Hausawa rigarmu ɗinkakkiya ce, zane kuma ɗaura shi ake yi, don haka ba mu bukaci tsinken mayafi ba. Amma muna da abin da ya yi mana irin aikin da tsinken ya yi, kuma a nan ƙasar Katsina yake. Durɓi ta Kusheyi, cikin Ƙaramar Hukumar Mani, gabas da birnin Katsina, wuri ne mai tuddai waɗanda tarihin baka ya ce kaburburan Durɓawa ne, sarakunan farko na wannan ƙasa. An tona wurin sau biyu, kuma bambancin da ke tsakanin tonon biyu shi ne dukan abin da nake son faɗa.

Tono na farko, Bature H. R. Palmer ne ya yi shi a 1907, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. An sami kaya, amma kayan sun salwanta, ba a kuma bar zane ko hoton da za a dogara da shi ba. Tono na biyu an yi shi a 1992, da haɗin gwiwar masana daga Jamus da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa. A wannan karon an buɗe tuddai uku, aka ɗebo abin da ke ciki tare da ƙasar da ke riƙe da shi. A 2007 aka kai su wani gidan tarihi a birnin Mainz na Jamus, aka warware su a hankali a ɗakin bincike, aka dawo da su Nijeriya a 2014.

Me aka gani? Mundaye da sauran kayan ado na jan ƙarfe da tagulla, da awarwaron hauren giwa, da 'yan kayan zinariya, da duwatsun ado na gilashi da na dutse, da wuri, da ragowar tufa da fata, da kuma kwanon tagulla wanda ƙirarsa ta ƙasashen Musulmi na Gabas ce. Awon shekaru ya sa kaburburan tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Wuri dai daga tekun Indiya yake fitowa. Ashe tun wancan lokaci manyan ƙasar Katsina suna da hannu a cinikin da ya ratsa Sahara ya kai har Masar da bayanta. Wannan ya yi daidai da abin da Ibn Battuta ya gani a Takedda, ta yankin Agadas, a shekarar 1353, inda ya tarar ana narka jan ƙarfe ana yin sanduna da shi ana kai wa Gobir da Barno.

Sai dai a nan akwai wani tarko da ya kamata ɗalibi ya kiyaye. Samun kwanon Gabas a Durɓi bai nuna cewa wanda aka binne Balarabe ne ba, kamar yadda tsinken Ailan a Kanada bai nuna cewa mutumin Ailan ne ya yar da shi ba. Kaya suna tafiya inda mai ƙera su bai taɓa zuwa ba, ana sayensu, ana kyautarsu, ana kwasarsu ganima, ana kuma kwaikwayonsu. Yau ma atamfar Holan tana cikin adakar kowace amarya a Safana, ba wanda ya ce Baturen Holan ya zauna a can. Abu guda ba ya yanke hukunci. Sai an haɗa shi da gini da tukwane da ƙasusuwa da awon shekaru, waɗannan kuwa duk a wurin suke, ba a jikin ƙarfen ba.

To, idan gabashin Katsina ya ba da wannan, me ke kwance a yammacinta? Ƙasar Batsari da Safana, daga Ruma zuwa Runka har bakin dajin Rugu, ƙasa ce ta duwatsu da tsofaffin mazaunai, kuma tana kan iyakar Katsina da Zamfara, inda fatake da mayaƙa suka yi ta kai da kawowa. Duk manomin da ke nan ya san gonar da garma ke tono tsingaro da kashin maƙera. Kowace irin wannan gona shafi ce da ba a karanta ba tukuna.

Abin da za a ce mini

Na san akwai masu cewa, mutumin da bai ci abincin dare ba ina ruwansa da tarihi? Gaskiya ne yunwa ba ta jiran bincike. Amma a duba abin da kawun nan ya samu: tiyar gero. Riba ba ta taɓa tsayawa a hannun mai tsintuwa ba. A tsakiyar shekarun 1990 an yi rububin tonon gumakan yumɓu a Kwatarkwashi da yankin Nok da wasu sassan Katsina. Mutanen ƙauye suka haƙa da ƙarfinsu aka ba su na goro, kayan suka ƙare a shagunan Turai da tsada mai yawa, har a shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa gumakan Nok da Sakkwato da Katsina cikin jerin kayan da ta gargaɗi duniya kada a saya. Yau akwai gumakan da ake kira na Katsina a ƙasashen waje, amma da yake ba a tono su bisa ƙa'ida ba, abin da aka sani game da mutanen da suka yi su kaɗan ne ƙwarai. An sayar da kayan, an kuma sayar da labarinsu tare.

Wasu kuma za su ce, a ƙasar da 'yan bindiga suka hana mutane noma shekara da shekaru, wa zai fita neman tsingaro? Babu wanda ya ce a fita. Ban yarda malami ya tura ɗalibi ko da taku ɗaya cikin daji saboda wannan ba, kuma ban ce a tona kome ba. Doka ma ta hana: dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta haramta tono ko fitar da kayan tarihi daga ƙasa ba da izini ba. Kabari kuwa, ko na wane zamani ne, yana da alfarmarsa. Maganata a kan abin da ya fito da kansa ce, wajen huɗa, ko haƙar rijiya, ko zaizayar ruwa. Hasali ma rashin zaman lafiyar ya ƙara sa abin ya zama na gaggawa, domin tsofaffin da suka san sunan kowane kufai da wanda ya zauna a cikinsa da yawa sun bar ƙauyukansu, suna zaune a Batsari da Katsina, kuma ba ƙuruciya suke ƙarawa ba.

Na uku shi ne mai cewa, in an kai wa hukuma ma ɓacewa zai yi. Wannan tsoro yana da tushe, kayan tonon 1907 sun isa misali. Maganinsa shi ne rubutu ya zama kashi biyu, ɗaya ya tafi da kayan, ɗaya ya zauna a garin. Abin da aka rubuta a wuri biyu da wuya ya mutu.

Aikin da makaranta za ta iya

Shawarata ba ta bukatar kasafin kuɗi. Kowace sakandare a Batsari da Safana ta ware littafi guda mai kauri, a hannun malamin tarihi ko na labarin ƙasa ko na kimiyya. A sanar a taron iyaye da malamai cewa duk wanda ya tsinci tsohon abu ya kawo a gani kafin ya yi wani abu da shi. Idan an kawo, a rubuta ranar da aka same shi, da sunan gonar ko unguwar, da zurfin ramin ko da da kamu ne, da abin da ke tare da shi, ko gawayi ne ko ƙashi ko tsingaro. A ɗauki hotonsa da waya tare da rula a gefe, a ɗauki hoton wurin, in wayar tana nuna lambobin taswira a kwafe su. Ɗalibi mai hannun zane ya zana shi. Kada a wanke, kada a goge, kada a shafa mai. A naɗe shi a busasshiyar takarda.

Daga nan sai a sanar da mai unguwa da dagaci, labari ya kai ga hakimi, a kuma rubuta wa Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Katsina, a tsohon ginin Kwalejin Katsina. In za a karɓi abu, a nemi takardar shaida a liƙa a littafin. Jami'o'inmu ma da nasu rabon. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen binciken kufai, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ga ta Tarayya a Dutsin-ma wadda ke maƙwabtaka da Safana. Bai fi ƙarfinsu ba su tura malami sau ɗaya a zango ya duba waɗannan littattafai, ya kuma gaya wa yara abin da ya gani.

Ribar ba ta tsaya ga tarihi ba. Yaron da ya koyi auna abu, da rubuta abin da idonsa ya gani kafin ya faɗi abin da yake zato, ya riga ya kama hanyar kimiyya, ko likita zai zama ko injiniya. Mu tuna kuma cewa manyan abubuwan da aka gano a ƙasar nan talakawa ne suka fara tsintarsu. Ma'aikatan haƙar kuza ne suka fito da gumakan Nok, tun daga 1928. Kayan tagullar Igbo-Ukwu, waɗanda suka yi zamani ɗaya da tsinken Dablin, wani magidanci ne ya ci karo da su yana haƙar ramin tara ruwa a gidansa. Mutumin ƙauye ne kuma ya nuna wa Ingstad tuddan Kanada. A kowane ɗaya an dace labari ya kai ga wanda ya san darajar abin.

Bahaushe ya ce allura cikin ruwa mai rabo ka ɗauka. Mundayen Karare sun riga sun narke, ba mu san ko na shekara ɗari ba ne ko na ɗari bakwai, ba kuwa za mu sani ba. Amma damina na tafe, garma za ta sake shiga ƙasa, wani mai rabon zai sake tsintar wani abu. Ɗalibin nan nawa ya yi mini alkawarin zai buɗe littafi a makarantarsu. Ina roƙon sauran 'yan'uwana malamai su yi haka, don in an yi tsintuwa ta gaba, alƙalami ya riga sikeli isa wurin. Allah ya sa mu dace.